Telan da Hannunsa Ya Daina Rawa

Zare ne ya fara faɗa masa. Mutumin da ya yi shekara 30 yana zura zare a kafar allura ba tare da ya duba sau biyu ba, sai ga shi wata rana da hantsi ya gwada har sau biyar zaren na kaucewa. Hannunsa na rawa, goshinsa ya jiƙe sharkaf da gumi alhali fanka na kaɗawa, gabansa na faɗuwa kamar wanda ake shirin kawo wa mugun labari, ga wata yunwa da ke sarar cikinsa. Ya ajiye allurar, ya dubi yaron da ke koyon aiki a wurinsa ya ce, "Sukarin nan ya sake hawa." Ya koma gefe ya sha ruwa, yana jiran abin ya wuce. A gaskiya sukarin faɗuwa ya yi, kuma ruwan da ya sha bai ƙara masa komai ba.

Tela ne. Za mu kira shi Malam, kamar yadda iyalinsa ke kiransa. Mu da muke aikin kula da masu ciwon sukari mun zaɓi labarinsa ne saboda kusan duk hanyar da sukari ke bi ya faɗi sai da ta biyo ta kansa, alhali bai taɓa zama mai sakaci ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai ke nan: biyayyarsa ce ta kusa kai shi kabari.

Yana da shekara 49 aka gano ciwon, nau'i na biyu. Mutum ne mai awo, wanda bai san "kusan haka" ba a sana'arsa, don haka ya ɗauki maganar likita kamar awon riga. An ce ya bar sukari, ya sa aka kwashe shi daga gidan gaba ɗaya, ko alewa ba a shigo da ita. An ce ya sha magani safe da yamma, bai taɓa tsallakewa ba. Shekaru biyar na farko metformin kaɗai yake sha (sunayen magunguna za mu rubuta su yadda suke a jikin kwali, don mai karatu ya iya duba nasa), kuma a duk tsawon lokacin sukarinsa bai taɓa faɗuwa ba. Dalili kuwa metformin hanta yake tausa ta rage sukarin da take zubowa cikin jini, ba ya tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini. Shi kaɗai da wuya ya kayar da mutum.

Da ciwon ya ƙara ƙarfi sai aka ƙara masa glibenclamide. Nan labari ya canza, ba kuma wanda ya zaunar da shi ya gaya masa. Glibenclamide da danginsa, irin su glimepiride, gliclazide da glipizide, suna matsa wa gaɓar da ke samar da insulin, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta riƙa fitar da shi ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. A jikin mai lafiya, da zarar sukari ya sauko wajen 80 a ma'aunin na'urar gwaji sai fitar insulin ta tsaya da kanta. Wannan ƙwaya ba ta san tsayawa ba, haka ma insulin ɗin da aka yi allurarsa, ya riga ya shiga, ba mai dawo da shi. Ranar da zare ya ƙi shiga allura, Malam ya sha ƙwayarsa ƙarfe bakwai, ya ɗan taɓa karin kumallo saboda sauri, aiki ya yi masa yawa, ya zarce har ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwa tana cin gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, kimanin giram 120 a rana, kuma ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a wannan mintin shi take amfani da shi. Idan sukari ya sauko ƙasa da 70, jiki yakan buga ƙararrawa: ya saki gulukagon, wanda ke umurtar hanta ta buɗe ajiyarta, ya kuma saki adirenalin, sinadarin firgita. Rawar hannu, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, fargaba ba dalili, yunwa, da tsikarin leɓe kamar ana soka ƙananan allurai, duk muryar wannan ƙararrawa ce. Ba daɗi, amma rahama ce, domin a wannan matakin mutum na cikin hankalinsa, zai iya ceton kansa. Idan aka ƙyale har ya gangaro wajen 54 zuwa ƙasa, ƙwaƙwalwar ce da kanta ta fara yunwa. Gani ya zama dishi-dishi ko abu ɗaya ya koma biyu, harshe ya yi nauyi, tunani ya sarƙe, ƙafa ta riƙa harɗewa, mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai fara'a ya fashe da kuka. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai suma.

Waɗannan lambobi a ma'aunin mg/dL suke. Wasu na'urori da mmol/L suke nunawa, a can 70 shi ne 3.9, 54 kuma shi ne 3.0, a raba da 18 ke nan. Kowa ya duba irin tasa, don mun san wanda ya ga 3.5 a na'urar aro ya ɗauka ta lalace. Ƙungiyar masu ciwon sukari ta Amurka ta kasa abin mataki uku: ƙasa da 70 na farko, ƙasa da 54 na biyu, na uku kuwa ba ruwansa da lamba, duk lokacin da mutum ya kasa taimakon kansa sai wani ya taimaka masa, ya shiga na uku.

Malam ya yi watanni yana fama da wannan rawar hannu ta hantsi yana ɗauka hawan sukari ce, har yana ƙara rage abinci saboda ita. Garin neman ƙiba ana samo rama. Sai da 'yarsa ta saya masa na'urar gwaji, wata rana abin ya taso ta soki yatsarsa, na'ura ta nuna 58. Ya ce, "Ke, sake gwadawa, ai ni hawa yake yi mini." Ta ce, "Baba, sau biyu na gwada." Hawan sukari a hankali yake zuwa, cikin awanni ko kwanaki, da ƙishirwa da yawan fitsari da bushewar baki. Faɗuwa kuwa cikin mintuna take zuwa, da gumi da rawa. In babu na'ura a kusa kuma ana shakka, a ba da sukarin. Cokali uku ba zai hallaka wanda nasa ya hau ba a cikin awa guda, amma rashinsa zai iya hallaka wanda nasa ya faɗi.

A asibiti aka koya musu ƙa'idar da ya kamata a ce an koya musu ranar da aka rubuta ƙwayar. Giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, a jira minti 15, a sake gwadawa. Giram 15 shi ne ƙaramin cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a narke a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi, wato mililita 120 zuwa 150, na ruwan 'ya'yan itace ko lemon kwalba mai sukari, ko ƙwayoyin gulukos 4 in masu giram huɗu-huɗu ne. In bayan minti 15 har yanzu bai haura 70 ba, a maimaita. In an yi sau uku bai tashi ba, asibiti. In ya tashi kuma lokacin cin abinci ya fi awa ɗaya nan gaba, a ɗora da wani abu mai riƙe ciki kamar yankan burodi ko biskit, domin sukarin cokali saurin shiga gare shi, saurin fita gare shi, maganin da ya kayar da mutum kuma yana nan yana aiki. Yara ƙanana ba sa buƙatar giram 15 cif, ana lissafa musu kimanin giram 0.3 ga kowane kilo na nauyinsu, kuma jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma.

Kura-kuran da ake yi a nan sanannu ne, Malam kuma ya yi su duka. Ya taɓa cin cakulan, ya yi mamakin yadda rawar ta ƙi tsayawa. Maiƙon da ke cikinsa ne ke riƙe sukarin a tumbi. Haka madara da gyaɗa da nama, duk ba na gaggawa ba ne. Ya taɓa shan lemon da aka rubuta babu sukari a jikinsa, wanda daidai yake da ruwa a wannan hali. Mafi yawa kuma, tsoro da yunwa su sa ya ci duk abin da ya gani, bayan awa biyu na'ura ta nuna 280, ya ji ya yi laifi, gobe ya ƙara matse cikinsa. Mintuna 15 ɗin nan na jira suna da tsawo ga mai rawar jiki, amma alamun sukan yi jinkirin lafawa ko da lambar ta riga ta gyaru. Akwai kuma abu ɗaya da bai shafe shi ba amma ya shafi wasu: mai shan maganin sukarin da ake kira acarbose, sukarin shayi ba zai yi masa aiki da wuri ba, domin maganin na hana hanji farfasa shi. Shi gulukos zalla yake bukata.

Da wannan ilimi ya yi shekaru lafiya lau. Amma ƙwayar tana nan yadda take, adadinta bai canza ba, shi kuwa yana canzawa. Ya haura 60. Ya rame kaɗan. Cin abincinsa ya ragu. Ƙodarsa ta fara rauni a ɓoye, kamar yadda takan yi wa masu daɗaɗɗen ciwon sukari da hawan jini. Yana zuwa karɓar magani ana sabunta masa takarda, gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ya nuna 6.1, aka yaba masa, ya dawo gida da farin ciki. Mu a wurinmu wannan lamba a jikin dattijo mai shan glibenclamide abin tsoro ce, tana nufin akwai faɗuwa da yawa da ke ɓoye a cikin matsakaicin.

Ranar da abin ya faru yana da shekara 63. Kwana uku yana gudawa, ba ya iya cin abin kirki, aka ba shi co-trimoxazole, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi kuma bai fasa shan ƙwayar sukarinsa ba ko sau ɗaya, don an ce kar ya tsallake. Abubuwa huɗu suka haɗu. Ba abinci a ciki, ajiyar hanta, wadda ba ta wuce kimanin giram 100 ba, ta ƙare. Rashin ruwa ya ƙara durƙusar da ƙoda. Glibenclamide idan hanta ta sarrafa shi, ragowarsa ma tana da ƙarfin saukar da sukari, ƙoda ce ke fitar da ita, in ƙoda ta gaza sai ta taru. Co-trimoxazole kuma yana ƙara wa wannan dangin magani ƙarfi, kamar yadda ciprofloxacin, levofloxacin, clarithromycin da fluconazole ke yi. Kwinin ma da kansa yana saukar da sukari.

Da yamma matarsa ta ji yana magana ba kan gado. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba. Can sai bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. A tsofaffi faɗuwar sukari takan zo a haka, ba rawa ba gumi mai yawa, sai ruɗewa da alamun da ke kama da shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci har a ɗauka mutum ya bugu ne ko ya taɓu. Kowa ya ce shanyewar jiki ce. Kafin a samo mota ya sume. Wani maƙwabci mai kyakkyawar niyya ya ɗaga kansa ya fara ɗura masa ruwa, ya ƙware, Allah ya taimaka 'yarsa ta shigo ta hana. Ta gwada, na'ura ta nuna 31. Ta nemi sukari a gidan, babu ko ƙwaya, shekara 14 ke nan da korarsa.

A wannan gaɓar muna so mai karatu ya tsaya. Wanda ya sume, ko yake jijjiga, ko ba ya iya haɗiya, ba a sa masa komai a baki, ko ruwa, ko lemo, ko cokali, ko yatsa. Abin da aka ɗura huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar numfashi ta buɗe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a nemi motar asibiti ko a garzaya da shi nan take, a ɗauki kwalayen magungunansa duka a tafi da su. In akwai gulukagon a gida, a yi amfani da shi: allurar miligiram 1 a cinya ko damtse ga babba, rabin haka ga yaron da bai kai kilo 25 ba, ko kuma na fesawa a hanci mai miligiram 3, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2019. Yakan farfaɗo da mutum cikin minti 10 zuwa 15, yakan kuma sa amai, shi ya sa kwanciyar gefe ta zama dole. Amma gulukagon hanta yake roƙo ta ba da abin da ta ajiye. Ga wanda ya yi kwanaki bai ci ba irin Malam, ko mai ciwon hanta, ko wanda ya sha barasa da yawa, rumbun fanko ne, kar a dogara da shi.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta fara da soka yatsa tun kafin a yi maganar hoton ƙwaƙwalwa, kuma haka ya dace a yi wa duk mai ciwon sukari da aka kawo a sume. Aka sa masa gulukos ta jijiya. Cikin mintuna ya buɗe ido, bakin ya miƙe, hannun ya dawo, ya tambayi abin da ya kawo shi nan. Sai ya ce a sallame shi, yana da ɗinkin da ya yi alkawari. Likita ya ce, "Baba, yau a nan za ka kwana, mai yiwuwa gobe ma." Ƙarfe biyun dare sukarin ya sake gangarowa 44 duk da ƙarin ruwan da ke hannunsa. Faɗuwar da glibenclamide ya haddasa takan yi ta dawowa kwana ɗaya zuwa biyu, har fiye in ƙoda ba ta da ƙarfi. Duk wanda wannan dangin ƙwaya ya sumar, farfaɗowarsa ba ta nufin ya tsira, sai an kwantar da shi ana gwaji akai-akai. Da ya koma gida a daren, da wuya a ce an same shi da rai da asuba.

Likitan ya yi masa bayani da harshen sana'arsa. Rigar da aka auna wa mutum shekara tara da suka wuce, in ya rame, ba za ta zauna masa ba, sai an rage ta. Adadin magani ma awo ne, ana sake shi in nauyi ya ragu, in ci ya ragu, in ƙoda ta yi rauni, in an daina maganin da ke ɗaga sukari irin prednisolone, in an fara motsa jiki. A jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya an rubuta ƙarara cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, gliclazide aka fifita. Kuma matse sukari har ƙasa ba kullum ne alheri ba. Binciken DCCT da aka wallafa a 1993 ya nuna tsananta kula yana kare ido da ƙoda da jijiyoyi a masu nau'i na ɗaya, amma mummunar faɗuwa ta ninka kusan sau uku. A 2008 kuma aka dakatar da ɓangaren tsanantawa na binciken ACCORD, inda ake neman HbA1c ƙasa da 6 a masu nau'i na biyu da ke da haɗarin ciwon zuciya, saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsu. Shi ya sa ake nema wa yawancin manya ƙasa da 7, dattijo mai wasu cututtuka kuwa akan sassauta masa zuwa ƙasa da 8. Aka kuma ba shi ƙa'idar ranar rashin lafiya: in amai ko gudawa ya hana shi ci, ya tuntuɓi likita a ranar kafin ya sha maganin sukari, ya riƙa gwaji duk bayan awa 2 zuwa 4.

Saboda yanayin ƙodarsa aka mayar da shi kan insulin, gauraye mai kashi 70 mai jinkirin aiki da kashi 30 mai saurin aiki, safe da yamma. Sabon karatu ya fara. Wannan insulin ana yin sa minti 30 kafin abinci, kuma da zarar ya shiga an ɗauki alkawarin ci. In an yi allura abinci ya yi jinkiri, faɗuwa na tafe. Fari ne kamar madara, sai an mirgina shi a tafin hannu an jujjuya sau 10 zuwa 20 har ya gauraye, in ba haka ba ƙarfin allurar yau ya bambanta da na gobe. Akwai kuma batun sirinji, wanda ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe. Insulin yakan bambanta ta fuskar ƙarfi, akwai U-40 da U-100, wato yunit 40 ko 100 a kowace mililita, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya ja U-100 da sirinjin U-40 har zuwa lamba 20, yunit 50 ya yi wa kansa, ninki biyu da rabi. Sau ɗaya aka ba Malam sirinjin da bai dace ba, idonsa na tela ne ya lura layukan sun bambanta kafin ya soka.

Abin da bai lura da shi ba shi ne kullutun da ya fito a gefen cibiyarsa. Wuri ɗaya yake sokawa kullum domin ba ya zafi, kitse ya taru ya yi tauri, insulin na shiga jini daga nan a hargitse, yau kaɗan gobe da yawa. Lambobi suka hau, aka ƙara masa yunit. Ranar da ya koma sokawa a sabon wuri da wannan ƙarin adadin, insulin ya shiga gaba ɗaya, ya kayar da shi. A riƙa zagayawa, a bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin sukar yau da ta jiya, a shafa fata a nemi kullutu, in kuma za a bar wurin kullutu a koma lafiyayyar fata, a yi maganar rage adadi da likita tukuna. Allurar da ta shiga tsoka, wanka da ruwan zafi bayan allura, da sokawa a cinya kafin doguwar tafiya, duk suna gaggauta shigarsa.

Sai dare. Matarsa ce ta fara lura: zanin gado a jiƙe da gumi, mafarkai masu firgitarwa, surutu cikin barci, da safe ciwon kai da gajiya kamar bai kwanta ba. Ɓangaren insulin ɗin mai jinkiri yana kai ƙololuwar ƙarfinsa awa 4 zuwa 10 bayan allura, wato allurar yamma tana cika ƙarfi tsakiyar dare. An fi ganin haka a ranakun da ya yi doguwar tafiya a ƙafa, domin tsoka takan ci gaba da zuƙar sukari har awa 24 bayan aiki. Barasa ma haka take yi wa masu shanta, tana hana hanta ƙera sukari, faɗuwar ta zo awanni bayan an kwanta. Aka ce ya sa ƙararrawa ƙarfe uku na dare har kwana uku. Daren farko 61, na biyu 55.

A nan ne hannunsa ya daina rawa. Yana zaune a kan keken ɗinki, zare na shiga allura lafiya, yaronsa ya ga yana ta ɗinka hannun riga a wuya. Ya ce, "Maigida, a gwada sukarin nan." Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na'ura ta ce 47. Idan faɗuwa ta yi ta maimaituwa, musamman ta cikin barci, jiki yakan saba, ƙararrawar adirenalin ta riƙa jinkiri har sai ƙwaƙwalwa ta riga ta ruɗe. Daɗewa da ciwon ma na kawo haka. Ga shi kuma yana shan atenolol na hawan jini, shi da danginsa irin propranolol suna danne rawar hannu da bugun zuciya, gumi kaɗai suke bari. Malam ya ɗauka sauƙi ya samu. Mai gadinsa ne ya yi barci.

Abin farin ciki, ana iya tayar da shi. Likita ya rage insulin ɗin, kamar yadda aka saba ragewa da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari bayan faɗuwar da ba a san dalilinta ba, ya ɗaga masa lambobin da ake nema na ɗan lokaci, ya sake duba maganin hawan jinin, ya ce makonni uku kar ya bari ya taɓa ƙasa da 70 ko sau ɗaya. Gwaji kafin kowane abinci, kafin barci, da kafin fita. A wanke hannu da sabulu a busar kafin suka, don yatsar da ta taɓa 'ya'yan itace takan nuna lamba sama alhali jini na ƙasa. A duba ranar lalacewar takardun gwaji, a rufe kwalbarsu. In na'ura ta rubuta LO, lambar ta yi ƙasan da ba ta iya karantawa, ba lokacin canza batir ba ne. Aka hana shi tuƙi har sai alamun sun dawo, bayan nan ma da sharaɗi: gwaji kafin ya tayar da mota, in ƙasa da 90 ne ya ci wani abu tukuna, a doguwar tafiya ya sake gwadawa duk awa 2, in ya ji alama a hanya ya tsaya gefe ya kashe mota, ya sha sukari, ya jira minti 45 bayan lambar ta gyaru, domin ƙwaƙwalwa ta fi jini jinkirin dawowa. Kaucewa faɗuwa na mako 2 zuwa 3 yakan dawo wa mutane da yawa da alamunsu.

Sukari ya dawo gidan Malam, amma a matsayin magani. Ƙulli ɗaya a aljihu, ɗaya a gefen gado, ɗaya a aljihun tebur kusa da almakashi, ɗaya a mota, kowanne an auna shi cokali huɗu. A walat ɗinsa akwai kati mai ɗauke da sunan ciwonsa, insulin ɗin da yake yi, da lambar 'yarsa. Matarsa da yaran aikinsa sun san cewa in ya fara faɗa ba dalili, ba a yi masa musu, a miƙa masa kofin a hannu. Yana da ɗan littafi da yake rubuta kowace faɗuwa: ƙarfe nawa, lamba nawa, me ya ci, me ya yi, kuma da shi yake shiga wurin likita duk zuwa, tare da sakamakon gwajin ƙoda.

A mako na huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, zare ya kauce wa allura. Ya sake gwadawa, ya sake kaucewa. Ya dubi hannunsa ya ga yana rawa. Ya gwada, 66. Ya kwance ƙullin da ke kusa da almakashi, ya narka a rabin kofin ruwa ya shanye, ya ce wa yaron, "Duba mini agogo, in minti 15 ta cika ka gaya mini."